Mai Guga da Karen Yayansa

Faɗan farko da na yi da Mai Guga a ƙasa na yi shi, ina kwance rigingine kusa da famfo, gawayi ya watse har ƙofar banɗaki. Karensa ne ya kayar da ni. Na fito daga ɗakina rungume da ƙullin gawayi, nasa ne ma zan kai masa shago, ban ankara ba sai ji na yi an dafa min kafaɗu da ƙafafu biyu, ga numfashi mai zafi a fuskata. Ban san sa'ad da na faɗi ba. Ƙuguna ya bugi gefen siminti, wani abu ya ce ƙas a ciki, na ce shi ke nan, kwana ya ƙare.

Mai Guga ya fito a guje da dutsen guga a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Da ya ajiye, sai ya zura hannu a aljihu, ya ciro gutsuren burodi ya wurga can bayan igiyar shanya. Karen ya bi burodin. Sannan ya durƙusa a kaina yana ta "Sannu Iya, sannu Iya, wallahi ba ya cizo."

Na ce, "Ba ya cizo? To ka miƙa masa godiyata. Ka ce gobe ya dawo ya ƙarasa, ƙugun hagu na nan bai taɓa ba. Kai da ko kaza ta buɗe maka fiffike sai ka yi salati, kai ne da kare? Wa ya aike ka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na Yaya ne, Iya."

Na san yayansa ya rasu bai daɗe ba, na je gaisuwa. Sai dai zafin ƙugu bai san ta'aziyya ba. Na ce masa mutane kan gaji gona, su gaji agogo, shi ya tashi ya gaji masifa mai wutsiya. Na ce in na mutu a kansa, ya tabbata karen ne zai yi min addu'a. Shi da matarsa suka ɗauke ni kamar buhu suka shigar da ni ɗaki.

Wanda bai san Mai Guga ba, bari in gaya masa. Siriri ne, ya ɗan ranƙwafa saboda teburin guga, wuyan hannunsa duk tabon ƙuna. Gidan haya ɗaya muke, ni ina ɗakin kusa da famfo ina sayar da gawayi, shi yana da shago a bakin get da ɗaki a can ƙurya. Aikinsa ba na biyu, in ya kama karin wando sai ka ce da reza aka ja shi. Amma tunda nake ban ga mutum mai tsoro irinsa ba. Yana tsoron ƙona rigar mutane, yana tsoron hadari in ya yi shanya, yana tsoron mai gida ko da ya biya haya. In aka ƙwanƙwasa get da ƙarfi sai ya zabura, ya duba ko wani laifi ya yi bai sani ba. Ubansu ya mutu yana ƙarami, yayansa ya riƙe shi, shi ya saya masa dutsen gugan farko. Yayan kuwa gadi yake yi a wata rumfar katako, bai yi aure ba, bai tara komai ba. Da ya mutu, abin da aka kawo wa ƙaninsa tsohuwar kwat ce da tocila da wannan kare.

Matarsa, Mai Ɗinki, ita ce mai ƙashi a gidan. Ba ta da yawan magana, kekenta ne ke yi mata. Sun daɗe tare, ciki ya sha shiga yana fita, ɗaya ya kai har haihuwa bai zo da rai ba. Lokacin da karen ya zo tana ɗauke da wani, ya fito sosai, amma duk gidan ba mai ambatonsa. Ko ni da bakina ba ya jin birki, in ta wuce sai in kalli sama in ce yau rana da zafi.

Sunan karen Sajan. Babba ne, ja, kunnensa ɗaya a yage, ya wuce ƙuruciya tuni. Ban san wanda ya ba shi wannan muƙami ba, don ko kurtu ya fi shi jarumta. Wuni yake yana kai da kawo tsakanin get da shago, harshe a waje, wutsiya a matse. Kwano ya faɗi, ya zabura. Iska ta kaɗa langalanga, ya shige ƙarƙashin teburin guga yana rawar jiki. Ya lashi ƙafarsa ta gaba har gashin wurin ya kwaɓe. In Mai Guga ya fita sayen sabulu, zai tsaya a bakin get yana wani kuka siriri mai shiga ƙashi. Sannan ga tsallen. Ba haushi, ba gurnani, kawai ka ga ƙaton kare ya miƙe tsaye a kanka kamar mutum.

Masu kawo wanki suka fara janyewa. Wa zai yarda a dawo masa da farar riga da sawun kare a ƙirji, ko yawu a kayan da zai yi salla da su? Direban da ke haya a ɗakin tsakiya ya ce maganinsa bel. Ya kuwa gwada rannan, ya zabga masa biyu. Sajan ya saki fitsari a wurin, washegari tsallen ya ƙaru. Aka kulle shi a ɗakin ajiyar kaya, ya yi ta kartar ƙofa har faratansa suka yi jini, jinin na nan a jikin katakon har yau. Aka sa masa sarƙa, ya yi ta juyi har ta naɗe masa wuya, da ƙyar aka kwance shi idanu sun firfito. Mai Guga ya kai shi wurin likitan dabbobi. Likita ya yi masa allura, ya ce jikinsa lafiya lau, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma kada wanda ya ƙara dukansa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai likita ba ya zaune a tsakar gidanmu.

Ni ce ke zaune. Ƙugun ya hana ni tashi, kullum sai a shimfiɗa min tabarma a bakin ƙofa, ba aikin fari ba na baƙi sai kallo. Da na gaji da tsine wa karen sai na fara lura da shi. Direba zai shigo yana kaɗa makulli, Sajan ko kallo. Mace ta wuce da bokiti a ka, bai kula ba. A shigo da leda a rataye a hannu, ya shinshina ya bari. Amma duk wanda ya rungumo abu a ƙirji, gogaggun kaya ne, ƙullin wanki ne, gawayina ne, sai ka ga kunnuwansa sun miƙe, ƙafafun bayansa sun lanƙwashe, ya tashi sama. Kuma duk tashin da zai yi, burodi na tashi daga aljihun Mai Guga. Don ya ceci kayan mutane yake wurgawa, bawan Allah. Bai san albashi yake biya ba.

Ina cikin wannan lissafi Mai Ɗinki ta fito za ta ɗebi ruwa, hannu ɗaya a ƙugu, tana tafiya a hankali. Na bi ta da ido. Jariri sabon haihuwa ba a goya shi, ba a ɗora shi a ka, ba a rataye shi a hannu. Rungumarsa ake yi, a naɗe, a ƙirji.

Da yamma na kira su su biyu. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa musu abin da na gani da abin da na hango. Mai Ɗinki ta dafa cikinta da hannu biyu. Can ta juya ta dubi mijinta ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ranar da zan shigo gidan nan da abin da Allah ya ba ni, kada in tarar da shi."

Ya ce, "In kai shi ina? Masu katako sun ce ba sa so. Wa zai karɓi babban kare mai wannan hali? Direba ya ce a sa masa wani abu a nama." Ya dubi karen. "Sau nawa Yaya ya aiko in je in gan shi, ina cewa sai na rage aiki. Yanzu kuma in kashe masa kare?"

Ta ce, "Ni na binne ɗaya."

Sajan na kwance a ƙafarsa yana lasar wannan ƙafa tasa.

Da na fara takawa da sanda, na hau mota na tafi rumfar katakon. Ruwa ba ya tsami banza, na ce sai na ji inda ya samo wannan hali. Na tarar da mai injin tsaga katako, dattijo, garin katako har a girarsa. Da na ambaci Sajan sai ya kashe injin. Ya ce marigayi in zai zo aiki yakan naɗo abincinsu a tawul, nasa da na karen, ya rungumo a ƙirji don kada ya huce. Yana shigowa zai bubbuga ƙirjin ya ce, "Sajan, gaisuwa!" Karen ya miƙe ya ɗora masa ƙafafu a kafaɗa, shi kuma ya yi ta dariya, sannan a kwance tawul. Tun yana ɗan kwikwiyo haka suke, shekara da shekaru.

Na ce, "Kulle fa? Me ya haɗa shi da ƙofa?"

Ya goge fuska da hula. Ya ce marigayi a ɗakin gadi ya faɗi, ƙofa a sakale ta ciki, kuma abin ya faɗo a ranakun da ba a aiki. Sai da ma'aikata suka dawo aka ɓalle ƙofar. Karen na ciki tare da shi duk tsawon lokacin.

A mota ina dawowa ban yi wa kowa faɗa ba, har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya.

Na samu Mai Guga a shago na zayyana masa. Ya ajiye dutsen guga a kan rigar mutane, sai da na yi masa tsawa ya ɗauke. Na ce, "Bar hawayen nan, ba su da amfani yanzu. Karen nan ba mugu ba ne, gaisuwa yake yi. Yayanka ya koya masa, kai kuma ka zo kana biyansa lada. Kullum yana neman mai tawul, kullum ana yi masa ihu, ga burodi kuma na faɗowa. Ko ni ce ai na haukace."

Ya ce, "Iya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce, "Sannu malamin karin magana. Busasshen ma in an jiƙa shi yana lanƙwasa, haƙuri yake so. Kana da wata biyu ko ƙasa da haka. Za ka yi ko in kira Direba?"

Ga abin da muka tsara, rabi daga bakin likita, rabi daga tabarmata. Burodin aljihu ya ƙare. Abinci a kwano, a ƙasa, kuma ba a ajiyewa sai ƙafafunsa huɗu na taɓa siminti. Duk wanda ya yi wa tsalle, kada ya yi ihu, kada ya ture shi, kada ma ya kalle shi, ya juya masa baya ya fuskanci bango kamar an dasa shi. In ya sauka ya zauna, sai a sauke hannu ƙasa, can wajen gwiwa, a ba shi ɗan abu a yaba masa a hankali. Kullum da sassafe Mai Guga ya fita da shi su yi tafiya mai nisa, ya zubar da wannan zafin jikin a hanya. Aka shimfiɗa masa kwat ɗin marigayi a lungun shago. Ƙofa kuwa ba a rufe masa ruf. Mai Guga zai fita ya ja ta kaɗan, ya dawo tun kafin kukan ya fara, gobe ya ɗan ƙara jimawa. Har Direba na sa ya yi rantsuwa zai juya baya, yana cewa shi da girmansa kare zai sa shi kallon bango. Na ce ai bangon ma ya yi haƙuri da fuskarka.

Mai Ɗinki ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Amma rannan ta miƙo min wani ƙulli ta taga. Ƙyallaye ne ta cusa a rigar filo, ta zuba yashi a ciki don ya yi nauyi, ta naɗe da tsohon zane. Daidai tsawon hannu. Na karɓa, na ji nauyinsa, kamar na jariri.

Gwajin farko ba na son tuna shi. Mai Guga ya shigo daga get rungume da ƙullin. Sajan ya taso. Maimakon ya juya, sai ya ƙwalla ƙara, ya saki hannu ɗaya yana laluben aljihu. Ƙullin ya suɓuce ya faɗi tim. Karen ya bi shi ƙasa, ya danne da ƙafa, ya sa haƙori yana yage zanen, yana neman abincin da ya saba samu a ciki. Yashi ya zubo. Na ɗaga kai, sai ga Mai Ɗinki a taga tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Labule kawai ta saki. Kwana da kwanaki ba a ji ƙarar kekenta ba, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Mai Guga ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata ya ce ya haƙura, a kira Direba. Na dube shi, na dubi karen da ya koma ƙarƙashin tebur yana karkarwa, don shi ma ihun ya firgita shi. Na ce, "Ɗaure min ƙullin nan ka ba ni."

"Iya, ƙugunki."

"Ƙuguna nawa ne. Kai dai ka sa hannuwanka a hammata, in ka motsa sai na fasa maka kai da sandar nan."

Ƙarya nake in na ce ban ji tsoro ba. Na tsaya kusa da tagar shago inda akwai ƙarfen da zan kama, na rungume ƙullin. Na ji ƙarar faratansa a siminti. Na juya, na kafa goshi a bango, na damƙe ƙarfen da hannu ɗaya. Nauyinsa ya sauka a bayana, har numfashina ya ɗauke. Ya sauka. Ya sake hawa. Ina jin hucinsa a ƙeyata, ina karanto duk abin da na iya a zuci. Ya zagayo ta dama, na juya hagu. Ya yi wannan siririn kuka nasa. Sannan shiru. Na saci kallo ta ƙarƙashin hammata, sai ga shi zaune, kai a karkace, yana kallona kamar mai tambaya. Na sauke hannu wajen gwiwa na ba shi ɗan nama. Na ce, "Yawwa, ɗan banza. Haka mutanen kirki ke gaisuwa."

Daga nan kullum sai mun yi. Wata rana a ci nasara, wata rana kamar ba a taɓa farawa ba, musamman in an yi tsawa ko wani ya buga get. Sannu a hankali lasar ƙafar ta ragu, gashi ya fara tsirowa. Yakan kwanta a kan kwat ɗin ya yi barci har da minshari. Ni in na rungumo abu, zama yake tun daga nesa. Direba ma haka. Wanda ya gagara shi ne Mai Guga. Da karen ya nufo shi sai kafaɗunsa su ɗage, hannunsa ya tafi aljihu da kansa ko da ba komai a ciki, karen kuwa na ganin hannun ya motsa sai ya tashi. Sabo turken wawa. Na yi faɗa har muryata ta dushe.

Wata safiya ya fito yana ta laluben gefen wandonsa, fuska a rikice. Mai Ɗinki ce ta kwashe wandunansa kaf ta bi aljihunan da keke ta ɗinke. Ranar na yi dariya har ƙugun ya motsa. Ranar ce kuma na gane ba ta yanke wa karen hukunci ba tukuna.

Mun ɗauka muna da sauran lokaci. Naƙuda ta zo tun watan bai kama ba. Aka tafi da ita asibiti a motar Direba, aka ce sai an yi aiki. Mai Guga ya tare a can. Kwanakin nan Sajan ya koma gidan jiya. Ya ƙi abinci, ya koma sintiri a bakin get, kukan nan ya dawo. Ni ma ban iya cin wani abin kirki ba. Labari ya zo an samu mace, ƙarama ƙwarai amma tana numfashi, uwar ma ta farfaɗo. Muka yi da Direba cewa ranar sallama Mai Guga zai bugo waya, a sa wa karen igiya a riƙe shi a bayan gida har su shige ɗaki.

Wayar ba ta zo ba, cajinsa ya ƙare. Da tsakar rana ina bakin famfo, hannuwana duk kumfa, Direba ya fita aiki, gidan ba kowa, sai na ji tsayuwar mota. Get ya buɗe. Mai Ɗinki ta fara shigowa a duƙe, tana bin bango saboda ɗinkin da ke cikinta. A bayanta Mai Guga, rungume da farin shawul a ƙirji.

Sajan na can ƙarshen tsakar gida. Ya ɗaga kai. Kwanaki bai ga mutumin nan ba, ga shi ya dawo masa da ƙulli a ƙirji.

Tsakanina da su ya fi ƙarfin ƙafata. Ihu ya taso min har maƙogwaro na haɗiye shi, don na san ihu zuga shi yake. Karen ya taho a guje, faratansa na karce siminti. Na ga fuskar Mai Guga ta zama toka. Na ga gwiwar hannunsa ta dama ta motsa.

Na ce, ba da ƙarfi ba, "Juya."

Ya juya. Ya manna goshi da bango, ya duƙunƙune a kan shawul ɗin, kafaɗunsa sun rufe shi. Sajan ya iso, ƙafafunsa na gaba suka bar ƙasa. Ɗaya ta shafi bayan rigarsa, ta zame. Ya sauka. Ya zagaya dama, ya zagaya hagu, yana kuka, yana cusa hanci tsakanin mutumin da bango, hancin na hawa sama wajen gefen shawul da ke lilo. Mai Ɗinki ta toshe bakinta da hannu biyu. Sai jaririyar ta yi kuka, wani ɗan sauti kamar na mage. Karen ya daskare. Kunnuwansa suka miƙe, ƙafafun bayansa suka lanƙwashe yadda na sha gani. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ruwa na ta zuba a bokiti yana malala, ba mai iya kashe famfo.

Sai ya ajiye gindinsa a ƙasa. Duk jikinsa na rawa, wutsiya na share siminti, amma yana zaune.

Na ja ƙafa na isa, ba ni da komai a hannu sai kumfa. Na sauke hannun wajen gwiwa, ya zo ya shinshina, na kama wuyansa na riƙe gam. Na ce wa Mai Ɗinki, "Karɓi 'yarki ki shige." Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya saki. Ƙofarsu na rufuwa ya sulale a jikin bango ya zauna a cikin ruwan da ya malalo. Na saki karen. Ya je ya ɗora masa kai a cinya, su biyun suna ta karkarwa, ban san wanda ya fi wani ba.

Ba a kira Direba ba. Mai Ɗinki ta ce karen ya zauna, amma ba a wannan matsattsen tsakar gida ba, inda kowane baƙo ke buga get. Mai Guga, mutumin da ko teburinsa ba ya son a matsar, ya bar shagon da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ya bar masu kawo masa wanki, ya samo wani gida a bayan gari mai fili da katanga, inda zai fara neman mutane daga farko. Yarinyar ta fara zama ke nan suka tashi. Tun daga ranar ban ƙara ganinsa ba, ƙafata ba ta kai ni, shi kuma aiki ya riƙe shi. Direba ya ce ya gan su, suna nan lafiya.

Ranar tashin, an gama loda kaya, Sajan na bayan mota a buɗe, kwance a kan kwat ɗinsa. Mai Guga ya zo ya durƙusa yana ta jero godiya, har da cewa yanzu hankalinsa ya kwanta, kare ya zama ɗan gida. Wannan kalma ce ba ta yi min ba. Na kama kunnensa kamar yaro, a gaban matarsa da masu lodi.

Na ce, "Kada hankalinka ya kwanta. Duk tsoron banzan da ka yi a duniya, ga inda zai yi maka rana. Yarinyar nan ta kusa rarrafe, za ta ja masa kunne, za ta sa hannu a kwanonsa, shi kuwa ko ya zauna sau dubu kare ne. Kada ka bar su su biyu, ko na shiga banɗaki ne. Tashi ka tafi, kana tare min rana."